Uwar Agogo da 'Ya'yanta: Sharhi kan Haɗa Wayoyin Sadarwa a Tsarin Agogon Bai-Ɗaya

Wanda ya shiga babban asibiti ko tashar jirgin sama ko masana'anta, ya tarar da agogunan bango duk sun yi daidai har zuwa daƙiƙa, yakan ɗauka wani ma'aikaci ne ke zagayawa yana saita su, ko kuma kowanne yana jawo lokaci daga intanet. Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki. Na'ura guda ce a ɗakin kayan lantarki take riƙe da lokaci, tana aika wa sauran ta waya, kuma ita ke kaɗa ƙararrawar shiga da ta tashi.

Ruɗanin da ya fi cin kuɗi yana wajen masu saye da masu haɗawa. Mai makaranta yakan zuba kuɗinsa kan na'urar, ya bar maganar waya a hannun mai wayarin ɗin da ya haɗa masa fitilu da fanka, shi kuma ya ɗauka duk waya waya ce muddin ta kai inda ake so. Alhali bakunan haɗin da ke jere a bayan na'urar, duk da kamanninsu ɗaya ne, abin da ke bi ta kowannensu daban ne. Kuma abin da ke bi ta layin shi ke yanke hukuncin yadda agoguna za su tashi bayan an ɗauke wuta.

Ma'anar kalmomi

Uwar agogo ita ce na'urar da ke riƙe da sahihin lokaci tana rarraba shi. 'Ya'yan agogo su ne na bango da ke karɓa daga gare ta, masu hannu ko masu lambobi. In aka ce ana iya tsara uwar, ana nufin ana shigar mata da jadawali: ƙararrawa ta kaɗa ƙarfe kaza daga Litinin zuwa Alhamis, Juma'a a tashi da wuri, a yi shiru a ranakun hutu, a koma wani jadawalin a watan azumi.

Bugu shi ne ɗan gajeren wucewar lantarki da uwar ke sakewa a kan layi don hannun agogo ya matsa gaba taku ɗaya. Saƙon lokaci kuwa cikakken bayani ne na awa da minti da daƙiƙa da kwanan wata, a rubuce da alamomin lantarki. Rile makunni ne da na'ura ke buɗewa da rufewa da kanta. Bolt ma'aunin ƙarfin turin lantarki ne, amfiya ma'aunin yawan wanda ke gudana, om kuma ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa wucewarsa. Garkuwa ita ce siririyar fatar ƙarfe da ake naɗe wayoyin cikin kebul da ita don tare hayaniyar lantarki daga waje.

Asalin tsarin

Jirgin ƙasa ne ya fara matsa wa mutane lamba kan lokaci na bai-ɗaya, domin jiragen da ke bin layin dogo guda ba za su yi aiki da agogon kowane gari ba. A 1841 Alexander Bain, mutumin Sikotland, ya sami haƙƙin mallakar agogon lantarki a Birtaniya. A 1852 aka kafa uwar agogon da Charles Shepherd ya ƙera a cibiyar nazarin taurari ta Greenwich, tana aika bugu ga agogunan cibiyar, har da wanda ke jikin ƙofar shiga har yau, tana kuma tura lokaci zuwa Landan ta wayar tangarahu.

Daga nan hanyoyi suka rabu. A Ingila kamfanoni irin su Synchronome da Gent sun saba jera agoguna a zagaye guda, lantarki ya ratsa na farko ya shiga na biyu har ya dawo, ana bugu kowane rabin minti. Waya ta yanke a ko'ina, duka sun tsaya. A Jamus da Suwizalan aka fi ɗora kowane agogo kan wayoyi biyu na gama-gari, ana bugu sau ɗaya a minti. Agogon tashoshin jirgin ƙasa na Suwizalan, wanda Hans Hilfiker ya tsara a 1944, yana nuna wannan a fili: jan hannunsa na daƙiƙa yana gama zagaye cikin daƙiƙa 58 da rabi, ya tsaya a kan sha biyu yana jiran bugun uwa kafin ya ci gaba. A Amurka kuma aka yawaita agoguna masu ƙaramin inji da ke ƙirga lokaci daga bugun wutar gari, tare da waya ta uku da uwa ke gyara su da ita kusa da ƙarshen kowace awa.

Wannan nau'i na uku yana da rauni da ya shafe mu kai tsaye. Yana dogara ne ga cewa wutar gari za ta riƙa juyawa daidai adadin da aka ƙayyade, sau 60 a daƙiƙa a Amurka, sau 50 a Turai da Najeriya da Nijar. A farkon 2018 saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo kan lantarki ya sa bugun wutar nahiyar Turai ya ɗan sauka ƙasa da 50 na tsawon makonni, agogunan da ke ƙirga da shi suka yi lattin kusan minti 6. In haka ta faru da wutar Turai, ba a maganar ginin da rabin yininsa kan janareta yake.

Inda uwar ke samo nata lokacin

Uwar ma ba ta tsaya da ƙafarta ba. A cikinta akwai ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz da ke kaɗawa, irin na agogon hannu, wanda na gama-garinsa ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa. Irin wannan an yanka shi ne ya fi daidai a zafin da ke kusa da digiri 25. In ɗakin ya kai digiri 45, kamar yadda ɗakin kayan lantarki mara iska kan yi a bazara, yakan yi lattin fiye da daƙiƙa guda a yini. Shi ya sa ake ba uwar wata madogara daga waje.

Da yawa daga cikin na'urorin da aka ƙera don kasuwar Turai da Amurka suna da bakin haɗa eriyar rediyon lokaci: DCF77 da ke watsawa daga Mainflingen kusa da Frankfurt, ko MSF na Ingila, ko WWVB na jihar Kolorado. Na Jamus ɗin an tsara shi ya kai kimanin kilomita 2,000, saboda haka Kano da Damagaram da Kumasi duk suna wajen da'irarsa. Wanda aka sayar masa da wannan eriya a yankinmu ya sayi abin da ba zai yi masa aiki ba.

Abin da ya rage shi ne taurarin ɗan'adam na GPS, ko kuma ƙa'idar NTP ta hanyar sadarwar kwamfuta, wadda David Mills ya tsara a shekarun 1980. Taurarin GPS suna nisan kimanin kilomita 20,000, saƙonsu yana isowa da rauni ƙwarai, rufin kwano kuma yana tare shi. Dole eriyar ta kasance a waje tana kallon sarari. Kebul ɗinta, irin na eriyar talabijin a kama, shi ne ke kawo saƙon, shi ne kuma yawanci ke kai wa eriyar 'yar wutar da take aiki da ita, don haka ba a yi masa ƙari da kowane guntun kebul da aka samu, ba a kuma wuce tsawon da maƙeri ya ƙayyade. Tsohuwar na'urar gwanjo tana da wata matsalar: tsohon tsarin GPS yana ƙirga makonni ne zuwa 1,024 ya koma sifili, kamar yadda ya faru ranar 6 ga Afrilu, 2019, kuma na'urar da ba a sabunta manhajarta ba tana iya nuna awa daidai amma kwanan wata na shekarun baya. A uwar da ke bin jadawalin ranaku, kuskuren kwanan wata yana nufin ƙararrawa ta kaɗa a ranar hutu.

GPS da NTP duk lokacin duniya na UTC suke bayarwa. Mai haɗawa ne ke gaya wa uwar yankin da take. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suna gaba da awa ɗaya, Ghana tana daidai da shi, Sudan tana gaba da awa biyu, kuma babu mai sauya agogo da canjin yanayi a cikinsu. Akwai tarko a nan. Lokacin hunturun Faransa da Jamus daidai yake da na Najeriya, saboda haka na'urar da ta zo da saitin Turai, in aka kafa ta a Disamba, za ta yi aiki lafiya lau har zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris, sannan duk agogunan ginin su yi tsalle da awa guda.

Layin bugu da layin saƙo

Nan ne zuciyar maganar. Layin bugu ba ya faɗa wa ɗan agogo ƙarfe nawa. Abin da yake cewa kawai shi ne a matsa gaba. A tsarin da ya fi yaɗuwa, uwar tana sakin bolt 24 sau ɗaya a minti, tana juya fuskar lantarkin kowane karo. Saboda wannan juyawar, agogon da aka haɗa masa wayoyi biyun a birkice zai bambanta da 'yan'uwansa da minti ɗaya cif, kuma maganinsa musanya wayoyin ne a bayansa. In aka ɗauke wuta, uwa mai batir tana ci gaba da ƙirga a cikinta, tana tuna inda hannayen suka tsaya, wuta na dawowa ta riƙa sakin bugu da sauri har su cim ma lokaci. Amma lissafinta na layin ne gaba ɗaya. In agogo ɗaya ya rasa bugu biyu saboda sukurun da ya yi sako-sako, uwar ba ta da labari, zai kuma zauna a baya har sai wani ya hau tsani.

Layin bugu yana kuma shan wahalar raguwar bolt a doguwar tafiya. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 1.5 tana da turjiyar kimanin om 12 a kilomita. A ɗauka layin ya yi mita 500, zuwa da dawowa kilomita guda ke nan, a ƙarshensa kuma akwai agoguna 50 kowanne yana jan kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya. Jimilla rabin amfiya, an rasa bolt 6 a hanya, 18 ne suka isa daga cikin 24. In kuma wayar irin ta alminiyon ce da aka shafa wa tagulla a baya, wadda ta cika kasuwa saboda arha, asarar ta fi haka, domin alminiyon bai kai kashi biyu cikin uku na tagulla wajen wucewar lantarki ba. Agogunan kusa za su yi daidai, na nesa su riƙa tsallake bugu jefi-jefi, a yi ta zargin agogon alhali laifin na waya ne.

Layin saƙo yana aika cikakken lokaci a kai a kai. Akwai IRIG-B, wanda ya fito daga filayen gwajin makamai na sojan Amurka wajen 1960, yana maimaita saƙonsa kowace daƙiƙa. Akwai tsarin AFNOR na Faransa. Akwai na kamfanoni kamar MOBALine na Mobatime, mai ɗaukar saƙo da wutar agogon a wayoyi biyu. Duk agogon da aka ɗora kan irin wannan layi yana saurara ya saita kansa, ko an cire shi mako guda aka mayar. A wurin da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, wannan bambanci ya fi duk wani abin da aka rubuta a jikin kwalin na'ura muhimmanci, kuma shi ya kamata mai saye ya fara tambaya.

Ƙa'idojin RS-485 da takwarorinta

Agoguna masu lambobi da yawa suna karɓar saƙo ta RS-485, ƙa'idar da ta fito a 1983. Tana amfani da wayoyi biyu murɗaɗɗu da juna, mai karɓa yana duba bambancin bolt tsakaninsu. Hayaniyar da ta shiga ɗaya ta shiga ɗayar daidai gwargwado, sai ta soke kanta. Wannan ne amfanin murɗawar, kuma shi ya sa wayar fitila mai shimfiɗaɗɗun layi biyu ba ta maye gurbinta. A ƙaramin gudu layin yana kai mita 1,200, kuma asalin ƙa'idar ta tanadi na'urori 32 a layi guda kafin a sa na'urar ƙara ƙarfi.

Yadda ake jan layin shi ne inda aka fi kuskure. Mai wayarin ya saba fitar da waya daga akwati guda zuwa kowane ɗaki. RS-485 ba ta son haka. Ana son kebul ya fita daga uwa ya shiga agogo na farko, ya fita ya shiga na biyu, kamar raƙuman ayari a igiya ɗaya, har zuwa na ƙarshe. Kowane dogon reshe yana mayar da amon saƙon baya ya gauraya da na asali. Don kashe wannan amo ake sa 'yar turjiya ta om 120 a ƙarshen layin biyu, ban da tsakiya. In an kashe wuta aka auna tsakanin wayoyin aka ga kusan om 60, biyun suna nan. In aka ga 40, wani ya ƙara ta uku a hanya.

Abu biyu kuma suna ruɗa ko ƙwararru. Kamfanoni ba su haɗu kan wace waya ce A wace ce B ba, abin da wani ya kira A shi wani ke kira B; musanya su ba ya ƙona komai, shiru kawai layin ke yi. Na biyu ya fi girma: RS-485 ta tsara yanayin lantarkin ne kaɗai, ba ta ce komai kan yadda za a rubuta saƙon ba. Uwar kamfani ɗaya da agogon wani kamfanin suna iya ɗauke da wannan suna duka, a haɗa su daidai, su kasa fahimtar juna.

RS-232 kuwa ta gajeriyar tafiya ce, kimanin mita 15, yawanci don shigar da jadawali daga kwamfuta. Bakin aikawa na wannan gefe ake haɗawa da bakin karɓa na wancan, da waya ta uku ta gama-gari, kuma gudun saƙo ya zama ɗaya a gefe biyun. Sababbin agoguna suna hawa kebul ɗin sadarwar kwamfuta kai tsaye, su karɓi lokaci ta NTP, su sami wuta ta kebul ɗin da tsarin PoE da aka amince da shi a 2003. Iyakar kowane kebul mita 100 ne daga akwatin rarraba layi.

Bakin ƙararrawa

Bakunan rile ba sa bayar da wuta, hanya kawai suke buɗewa da rufewa. Wutar ƙararrawa daga wani wuri take zuwa. Kowace rile tana da iyakar amfiyar da take ɗauka, kuma ƙararrawa mai naɗin waya a ciki tana tartsatsi duk lokacin da aka katse ta, wanda ke cinye bakin rilen a hankali. Shi ya sa ake barin 'yar rilen uwa ta tayar da babban makunni na waje, shi ya ɗauki nauyin. Wayar ƙararrawa mai bolt 230 ba ta shiga bututu ɗaya da layin saƙo, don hayaniya da kuma don rai. In dole su haɗu, a gitta su, kada a jera su.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon bayan agogo mara waya suna cewa a tsohon gini fasa bango ya fi agogunan tsada, na'urar watsawa guda ta wadatar. Gaskiya ne, sai dai kaurin kankare yana rage saƙon, batir ɗin kowane agogo na buƙatar mai kula, kuma mitar rediyon da aka halatta a ƙasar da aka ƙera na'urar ba lallai ta zama halas a nan ba. Masu son NTP suna cewa kebul ɗin kwamfuta yana nan a ginin, me zai sa a ja wani. Hujjarsu tana da ƙarfi a ofis da asibitin da ke da ma'aikatan sadarwa. Masu layin saƙo na musamman suna amsawa da cewa lokacin ginin bai kamata ya rataya ga akwatin rarraba layin da kowa ke taɓawa ba. A makarantar da ba ta da mai kula da kwamfutoci, ra'ayi na ƙarshen ya fi dacewa a ganina, domin wayoyi biyu da na'urar auna lantarki a hannu abu ne da mai gyaran unguwa zai iya bin diddiginsa.

Akwai kuma tsohuwar muhawara kan garkuwar kebul. Wasu injiniyoyi suna haɗa ta da ƙasa a gefe biyu don ta fi tare hayaniya. Wasu suna cewa gefe ɗaya kawai, domin ƙasan gini biyu ba sa zama daidai a bolt, sai lantarki ya riƙa gudana ta garkuwar. A harabar da kowane gini ke da sandar ƙasansa, wani ma da janaretansa, gefe ɗaya ya fi aminci. Wannan bambancin na ƙasa ne ma ya sa ake son waya ta uku ta gama-gari a RS-485, ko na'urar da ke raba lantarkin gefe biyun, domin masu karɓa suna jure bambanci ne daga bolt 7 ƙasa da sifili zuwa 12 sama da shi.

Abin da ke biyo bayan haɗi mara kyau

Illar takan zo a hankali. Ɗakin jarrabawa biyu su tashi da bambancin minti uku. Na'urar rajistar zuwan ma'aikata ta saɓa da agogon bakin ƙofa, a fara jayayya kan yanke albashi. A asibiti, lokacin da aka ba da magani a takardar ɗaki ya saɓa da na ɗakin tiyata. Hoton kyamarar tsaro ya kasa zama hujja saboda lokacinsa bai dace da na sauran bayanai ba.

Wadda ke zuwa farat ɗaya ita ce ta damina. Kebul ɗin tagulla da aka ja a sama tsakanin gini biyu, da eriyar GPS a kan rufi, hanyoyi ne da ƙarfin tsawa ke bi ya shigo, ko da aradun ba ta faɗo kan ginin ba. Ana sa na'urar kariya a inda kowane kebul ya shigo gini, a haɗa ta da ƙasa da gajeriyar waya mai kauri. Tsakanin gine-gine masu nisa kuwa zaren gilashi ya fi, tunda ba ya ɗaukar lantarki sam.

Kafin a karɓi aiki daga hannun mai haɗawa, ana iya gwada shi a yini guda. A kashe wutar ginin na awa ɗaya a mayar, a ga ko duk agogunan sun dawo daidai da kansu da kuma mintin da suka ɗauka. A cire agogo na ƙarshen layi na ɗan lokaci a mayar da shi: in ya saita kansa, layin saƙo ne; in ya zauna a baya, layin bugu ne, kuma ginin zai buƙaci mai zagayen dubawa. A auna bolt a wannan agogon na ƙarshe lokacin bugu, a tura kwanan watan uwar zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris a ga ko za ta yi tsalle, sannan a nemi zanen da ke nuna hanyar da kowane kebul ya bi da inda aka sa turjiyar ƙarshe, a ajiye kwafinsa cikin akwatin uwar.